Gizo-gizon Ɗakin Lambun Horácio

Paignton, Ingila
Oktoba 2013

Zuwa ga Yayana Amândio,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fatan kana lafiya, kai da matarka Otília da duk mutanen Madalena do Mar. Yaya kunnen? 'Yata Liliana ta ce ta kira ka a waya ranar Lahadi, tana tambayarka jiki kana ba ta labarin ayaba. Shi ya sa na koma ga takarda da biro kamar da.

Ni dai da sauƙi. Gwiwa tana ciwo in sanyi ya shigo, kuma ya fara shigowa. Tun da muka binne Horácio a watan Yuni ban cire baƙaƙen kaya ba. Mutanen nan ba su saba gani ba, sai su riƙa bina da kallo a kanti kamar wadda ta ɓata hanya. Liliana tana so in sayar da gidan in koma wurinta a Bristol. Ta ce gida mai lambu ya fi ƙarfin mace ɗaya. Ban ce e ba, ban ce a'a ba.

Ga abin da ya sa na rubuto. Na sha ba ka labarin ɗan ɗakin katakon da Horácio ya gina a ƙarshen lambu, inda yake ajiye kayan aikinsa, ya shige ya wuni. Ban iya buɗe shi ba sai makon jiya. Yaya, ashe ba shi kaɗai yake zama a ciki ba. Akwai wata. Na tsaya a bakin ƙofa, na kira maƙwabciyata Maureen. Tana leƙawa ta ja da baya, ta ce, "Graciete, ai wannan ita ce bazawarar ƙaryar da ake ta magana. Ba ki ga jarida ba?" Ta ce da ganin yadda ta baje, ta daɗe a wurin, kuma da wuya a ce Horácio bai san da ita ba. Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne kyanta. Ban taɓa ganin

*

Madalena do Mar, Madeira
Nuwamba 2013

Auta,

Takardarki ta same mu lafiya. Otília tana gaishe ki, hawan jininta ya sauka. Kunne yana nan yadda kika san shi, na dama ya yi ritaya, na hagu yana aikin rabin rana.

Takardar ta yanke a tsakiyar magana. Na juya bayanta ba komai, na zazzage ambulan ba komai. Na ce wa Otília kuka ne ya ci ƙarfinki. Amma abin da na karanta ya ishe ni.

Wato Horácio mace ya ajiye a bayan gidanki? Yanzu da ƙasa ta rufe masa ido ta fito tana kiran kanta matarsa, har a jarida? Ban taɓa gaya miki ba saboda kina son sa, amma tun ranar da ya shigo gidan Baba da takalminsa mai ƙyalli, ko lauje bai iya riƙewa ba, na san ba mutumin kirki ba ne. Ya ɗauke ki ya kai ki ƙasar da rana ba ta fitowa, ya sa ki wankin zannuwan otal har bayanki ya ranƙwafa. Shirun nan nasa da kowa yake yabo, ashe ga abin da ke ƙarƙashi.

Kada ki sa hannu a kowace takarda. Kada ki bari ta ƙara kwana a wurin. Ki kira 'yan sanda, ki kira Fadan cocinku. In ta ƙi fita ki rubuto, ni da ban taɓa shiga jirgin sama ba zan shiga. Kuma ki daina yabon kyanta. Wace irin magana ce wannan?

Otília ta ce in jira takarda ta biyu kafin in aika wannan. Na ce mata jiran me.

Yayanki,
Amândio

*

Madalena do Mar
Disamba 2013

Auta,

Muna lafiya, ina fatan ke ma haka. An fara addu'o'in asuba na kafin Kirsimeti a coci. Otília ta yi kek ɗin zumar rake, ta aika miki naki.

Kullum ina tsayawa a bakin hanya ina jiran mai kawo wasiƙa, har ya koma girgiza min kai tun daga nesa. Otília ta kira lambar gidanki ba a ɗauka ba. Ta kira Liliana. Ke ma kin san harshenmu ya fara kuɓuce wa yarinyar, ita kuma Otília ba ta jin Turanci. Abin da ta tsinta kawai shi ne kina asibiti, an cije ki a hannu.

Matar ce ta cije ki? Abinci ya daina shigar min. Ki rubuto ko layi ɗaya ne. In fushi kike yi da ni, ki yi fushin a takarda.

Amândio

*

Paignton
Janairu 2014

Yaya,

Na gaishe ka, na gaishe da Otília. Kek ya iso, na gode. Ina da rai, hannuna ya warke har ga shi ina riƙe biro.

Gizo-gizo ce, Yaya. Macen gizo-gizo. Haka Turawa suke kiran irinta, bazawarar ƙarya, saboda ta yi kama da wata mai mugun dafi da ake kira baƙar bazawara. Shafi na biyu na manta shi a ƙarƙashin kwandon burodi, ban gan shi ba sai bayan amsarka ta iso.

Da farko dariya na yi, har Maureen ta leƙo ta katanga. Da na sake karantawa sai dariyar ta tsaya. Otal ɗin da na wanke wa zannuwa, Horácio ne yake wanke tukwanensa, hannunsa duk ya tsattsage. Bai taɓa ambaton sunanka da mugun abu ba. Yanzu ya mutu, ba zai iya ba ka amsa ba. Na ɗauki biro ban san iyaka ba ina ajiyewa.

Sai kuma cizon. Na zura hannu cikin safar aikinsa ban kakkaɓe ba, na ji kamar harbin rina. Wani siriri ne ya fito da gudu, ba ita ba. Wurin ya kumbura, ni kuma na yi ta susa da ƙasa a farce har ya ja ruwa, shi ne aka kwantar da ni. Likita ta ce susar ta fi cizon laifi. Wannan bai shiga kunnen Liliana ba. Ta taso daga Bristol ta tsaya a kaina.

"Mama, kin gani ko? Yau hannu, gobe kuma me? Da sanyi ya wuce za a yi wa ɗakin nan feshi a rushe shi, a sa gidan a kasuwa."

Na ce, "Ɗakin ubanki ne fa."

"Baba ba ya ciki, Mama. Ƙwari ne a ciki."

Ban san abin da ya same ni ba, amma tun da na dawo, da rana ta yi sanyi sai in sa rigar Horácio mai kauri in je in zauna wurinta. Bari in kwatanta maka ita. Jikinta kamar ƙaramar ƙwayar inabi, ruwan ƙasa mai duhu, yana ƙyalli kamar an shafa masa mai. Ƙafafunta ja-ja ne, launin shayin da ba madara. A gaban cikinta akwai farin layi da ya kewaye, kamar farin abin wuyan Fada. Ba ta yin saƙa mai da'ira irin wadda muke gani a kan furanni. Tata a hargitse take, kamar zaren da kyanwa ta yi wasa da shi, da wani ɗan rami na saƙa a lungu inda take shigewa. Na ja zare ɗaya da yatsa, ya lanƙwashe ya dawo, bai tsinke ba.

A kife take rataya, bayanta yana kallon ƙasa, don haka na sa madubin askin Horácio a ƙarƙashinta. Yaya, akwai zane a bayanta, fari-fari. Jarida ta ce ƙoƙon kan mamaci ne. Ni aikin allurar Inna na gani, irin wanda take yi a bakin mayafin tebur. Na zauna ina kallo har ƙafata ta yi sanyi. Wa aka yi wa wannan ado, a lungun da ba mai gani?

Ina tsoronta, kuma na kasa daina kallonta. In ka san wani abu a kanta ka gaya min. Ban gama hucewa ba, amma ka rubuto.

Ƙanwarka,
Graciete

*

Madalena do Mar
Fabrairu 2014

Auta,

Mun gode Allah da jin lafiyarki. Mu ma lafiya, sai iska da ta kayar min da ayaba a gonar sama.

Otília ce ta karanta min takardarki da ƙarfi a kunnen hagu. Da ta gama, sai ta ajiye min soyayyen tuwon masara da ƙarfin da ya fi na kullum. Abin da na faɗa a kan Horácio ba ni da hujjarsa. Kewarki ce na ɗora masa. Na je wurin Fada na sa an yi masa addu'a ranar Lahadi, na zauna a layin gaba. Ki yafe min a lokacin da kika ga dama.

Yanzu maganar baƙuwarki. Ina jin kwatancenki na miƙe na tafi rumfar Baba, inda muke ɗaure ayaba. Na ɗaga tsohon buhu a bayan ƙofa, sai ga ta: ƙyallin, farin abin wuyan, jajayen ƙafafun, saƙar nan mara tsari. Auta, ai tamu ce. Tana cikin kowace katangar dutse daga nan har sama. Kin girma a tsakiyarsu, ba ki dai taɓa sunkuyawa ba.

Don kada in sake yin gaggawa, na gangara wurin Firmino, wanda ya daɗe a Venezuela, shi ya san mai mugun dafin. Ya ce waccan baƙa ce wuluk kamar gawayi, ba ta da farin zanen nan a baya, kuma a ƙarƙashin cikinta akwai jan tambari mai siririn ƙugu kamar turmi. Tun da taki a kife take, cikinta yana kallon sama. Ki hau kujera ki leƙa, amma ki sa Maureen ta riƙe kujerar. In ba ja, ba ita ba ce. Ya ce siririn da ya cije ki namiji ne, su ne masu yawo suna neman mata, su shige takalmi da safa. Ba sa cizo sai an matse su. Ki riƙa kakkaɓewa.

Tsohon malamin makarantarmu ya ce daga tsibiran nan namu suka isa Ingila tun zamanin kakanni, a cikin kayan jirgin ruwa, wasu sun ce cikin ayaba. Haka ake faɗa, ban gani da idona ba. In gaskiya ne, ki gaishe ta, 'yar gida ce.

Akwai abin da na taɓa gani ban gaya wa kowa ba, don za a ce na sha giya. Wata rana ina gyaran hanyar ruwa a gonar sama, na ga ɗan ƙaramin ƙadangare a tsaye a iska, ƙafafunsa ba sa taɓa komai. Na matsa. Ɗaya daga cikin gizo-gizon nan ce ta kama shi. Sai ta sauko ta maƙala masa zare, ta hau, ta sake saukowa da wani, shi kuma yana ta yin sama a hankali kamar ana jan guga daga rijiya. Ya ninka ta girma nesa ba kusa ba. Na cire hula ban sani ba. Rabona na ruwan ban-ruwa ya wuce zuwa gonar maƙwabci ina tsaye.

Ki gaya wa Liliana kawunta ya ce ta je ta gani da idonta kafin ta kira masu feshi.

Yayanki,
Amândio

*

Paignton
Mayu 2014

Yaya,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya. Gwiwa ta saki tun da ɗumi ya shigo. Na yafe maka, a bar maganar.

Na hau kujerar. Maureen ta riƙe ta idonta a rufe tana cewa, "In kika faɗo ba ruwana, ni ban san ki ba." Babu ja ko ɗigo.

Liliana ta ji saƙonka, ta ce Kawu da ya mayar da gizo-gizo matar Baba ba shi zai ba ta shawara ba. Ta sa wa masu feshi rana. Ana gobe za su zo ta iso da safar roba har gwiwar hannu, ta naɗe kai da gyale kamar mai ɗiban zuma, ta ce mu fitar da kaya. Muka yi ta fitarwa. Da muka janye wani babban kabad, haske ya shiga ko'ina, sai na ga Liliana ta tsaya.

Ka san bara, lokacin da ciwo ya fara cin Horácio, ya nace sai ya yi wa cikin ɗakin farin fenti. Liliana ce ta sayo masa fentin. To ya shafe ko'ina, bango da rufi, ban da lungun gizo-gizon. Ba mantuwa ba ce. Ana ganin inda burushi ya zo ya karkata a hankali ya kewaye zaren, ya bar mata tsohon katako kamar faɗin faranti.

Liliana ta ce, "Na gan shi a lokacin. Na ce masa, Baba, ka bar wani wuri. Ya ce min akwai mai wurin." Ta zare gyalen ta zauna a kan bokiti.

Na ce, "Ashe kawunki bai yi ƙarya duka ba. Ubanki ya ajiye wata."

Ta yi dariya, dariyar ta koma kuka, na bar ta ta yi. Tun ranar jana'iza ban ga hawayenta ba.

Muna zaune haka sai ga wata ƙatuwar rina ta shigo ta ƙofa, ta bugi taga, ta faɗa cikin zaren ƙasa. Liliana ta yunƙura za ta gudu, na riƙe mata hannu. Mai wurin ta fito daga raminta. Ba ta yi gaggawa ba. Ta tsaya nesa da harbin, ta juya baya, ta riƙa watsa wa rinar zare da ƙafafun baya, da sauri har ido ba ya bi. Rinar tana kuka tana juya ƙari, ita kuma tana kewaya ta. Da fukafukan suka ɗaure ta matsa ta taɓa ta sau ɗaya a ƙafa, ta koma gefe ta jira. Kukan ya yi ta raguwa har ya ɗauke. Daga nan ta fara abin da ka faɗa: ta sauko da zare, ta hau, ta sauko, rinar tana yin sama.

Liliana ta ce da ƙaramar murya, "Wa ya koya mata?"

Na tuna ka da hularka.

Da yamma na ji ta a kicin tana waya, tana cewa a ɗaga zuwan, za ta sake kira. Maganar gidan ba ta mutu ba. Ta ce har yanzu ba ta son in yi sanyi ni kaɗai a nan, kuma ban ce ba ta da gaskiya ba. Amma mun mayar da kayan ɗakin, ban da kabad.

A makon nan na ga wani abu sabo a bakin ramin, fari, kamar ɗan ƙullin auduga. Ba ta matsawa daga kusa da shi.

Graciete

*

Madalena do Mar
Yuni 2014

Auta,

Lafiya lau, ayaba ta farfaɗo. Otília ta yi kuka a wurin maganar fentin, ni kuma na fita duba tankin ruwa.

Ƙullin audugar ƙwai ne. Kada ki taɓa, kada ki rufe ƙofa ruf. Ni ban taɓa samun haƙurin ganin ƙarshensa ba, kullum sai in tarar da shi fanko. Ke da kike da kujera a wurin, ki gane mana.

Amândio

*

Paignton
Agusta 2014

Yaya,

Ina gaishe ku da kyau. Ina lafiya, har na shuka kabeji. Mun daidaita da Liliana: zan yi watannin sanyi a wurinta, in dawo da ɗumi. Ba za a sayar da gidan bana ba. Baɗi Allah ya kai mu.

Na gane muku. 'Ya'yan sun fito tun makonnin baya, ƙanana kamar ƙwayar gero, masu haske har kana ganin rana ta cikinsu. Suka taru a saƙar uwar kamar hayaƙi. Ita ta rame, ƙyallin ya ragu, tana gefe ba ta kula su ba kuma ba ta taɓa su ba.

Ranar Asabar da safe Liliana tana nan. Gari ya yi ɗumi, iska kaɗan-kaɗan. Na fita shanya sai na ga saman ƙofar ɗakin yana motsi. Sun hau can, sun jeru a bakin katako. Na kira ta, ta fito da kofin shayi a hannu. Sai muka ga ɗaya ya miƙe a kan ƙafafunsa kamar mai leƙen katanga, ya ɗaga bayansa sama, ya saki zare. Zaren ya yi ta tsawo yana ƙyalli, ya yi ta tsawo, sai kawai ɗan abin ya saki katakon ya tashi. Ba fukafuki, Yaya. Ya wuce saman itacen tuffa, ya haye katangar Maureen, ya ɓace. Wani ya bi, wani ya bi. Can sai ga sararin lambun duk zare, suna tafiya a karkace cikin hasken rana, wasu wajen teku, wasu wajen gari. Tsuntsaye suna wucewa ta cikinsu. Na san da yawa ba za su kai ko'ina ba, amma ko ɗaya bai tsaya ba.

Ban san tsawon tsayuwarmu ba. Shayin Liliana ya huce a hannunta. Zare ya sauka a gashinta, yarinyar da ko ƙuda ya taɓa ta sai unguwa ta ji, ba ta ko motsa ba.

Ranar Lahadi ta koma. Shekaranjiya ta kira ni, na ji muryarta wani iri, na ce lafiya?

Ta ce, "Mama, akwai ɗaya a bayan madubin motata. Ya biyo ni har Bristol. Ya yi 'yar saƙa."

Na ce, "To ki sa tsumma ki share mana."

Sai ta ce, "Ba shi na kira in tambaya ba. Me suke ci in suna ƙanana haka?"

Na ce ban sani ba, amma zan tambayi kawunta. To ga shi na tambaya. Ka amsa da wuri, tana jira, ta ƙi kai motar wanki.

Ƙanwarka,
Graciete